Albasar Fure daga Holan: Za Ta Yi a Kaduna?

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Assalamu alaikum, iyaye da 'yan'uwa na wannan zaure. Ina neman shawara kan wani abu da ya ba ni kunya bara, kuma ba na so ya sake faruwa bana. Yayata da ke zaune a Holan ta aiko mini da albasar furen tulif guda goma sha biyu, a cikin leda mai hoton jajayen furanni masu kama da kofin shayi. Na shuka su a watan Oktoba a manyan tukwanen siminti guda uku, na zuba baƙar ƙasa da takin shanu, ina ba su ruwa safe da yamma kamar yadda nake yi wa sauran shuke-shukena. Biyar ne suka leƙo, kowace ta fitar da ganye biyu da ba su wuce tsawon yatsa ba, suka tsaya nan cak. Da na gaji da jira na tona a watan Janairu, sai na tarar sauran sun narke kamar albasar da ta daɗe a ƙasan buhu, ga wari. To, makon jiya maigidana ya dawo daga tafiya, ta sake ba shi saƙo: tulif ashirin, dafodil goma, da wasu manya guda biyu, kowace ta kai dunƙulen hannu, an rubuta amarilis a jikin takardarsu. Yanzu muna farkon Satumba, ruwa bai ɗauke ba. Me zan yi da su?

Malamin Gona, Mando:
Wa alaikumus salam. Maman Hanifa, kada ki ɗauka hannunki ne ba ya karɓar shuka, lissafin lokaci ne ya saɓa. Tulif asalinsa ɗan tsaunukan tsakiyar Asiya ne, wajajen Kazakistan da maƙwabtanta, inda ƙanƙara ke rufe ƙasa na tsawon watanni, sannan a sami ɗan gajeren lokaci mai danshi da sanyi-sanyi, daga nan zafi ya shigo ƙasa ta bushe ƙamas. Turkawa ne suka raya shi a lambunan sarakunansu, daga hannunsu ya shiga Turai a ƙarni na 16, kuma sunan ma daga kalmarsu ta rawani ya samo asali. A 1593 masanin tsirrai Carolus Clusius ya koma garin Leiden na Holan da albasarsa, daga nan ƙasar ta kama nomansa har ta zama cibiyarsa a duniya. Duk wannan yawon bai sa ya manta tsarin garinsu ba: ba ya fitar da fure mai kyau sai ya sha sanyi na mako 12 zuwa 16, sanyin da bai haura digiri 9 ba.

Idan za ki iya sadaukar da guda ɗaya, ki tsaga ta gida biyu da wuƙa mai kaifi, daga tsini zuwa gindi. A tsakiya za ki ga wani ɗan mitsitsin abu fari-fari a lulluɓe cikin 'yan ganyaye. Furen ke nan, an riga an halicce shi tun kafin a saka albasar a leda, kuma ɓawon da ke kewaye da shi guzurinsa ne. Abin da sanyi ke yi shi ne ya narkar da wannan guzurin ya zama sukari, ya kuma ba karan damar miƙewa ya ɗago furen sama. Idan bai sha sanyin ba, ko dai ya fito a dunƙule a gindin ganye, ko ya mutu a ciki. Namu hunturun, duk ƙorafin da muke yi da shi, sanyin asuba yawanci tsakanin digiri 13 ne da 16, kuma da hantsi ya yi sai ya haura zuwa kusan 30. A wurin tulif wannan bai kai a kira shi sanyi ba. Ruwan safe da yamma da takin shanu a cikin ƙasa mai ɗumi kuwa su suka ruɓar da sauran bakwai ɗin.

Hajiya Babba, Malali:
'Yata, ni a ganina ki daina wahalar da kanki a kan abin da ba na ƙasarki ba. Waɗancan manya biyun su ne dukiyar da aka aiko miki, amma na lura a ƙarshe kika ambace su kamar gyara aka ba ki. Ina da danginsu jere a gindin katangar gidana, masu fure ruwan lemo da fari-fari a maƙogwaro, tun uwar mijina na da rai ta kawo guda huɗu daga Zariya, yau sun fi ɗari, na kuma raba wa mutane ba adadi. Ba firji, ba taki na musamman. Idan ruwa ya ɗauke a Oktoba sai in ƙyale su, ganyen ya yi rawaya ya kwanta da kansa, in hana yara watsa musu ruwan wanke-wanke. Suna nan kamar sun mutu, sai wajen Fabrairu zuwa Maris ka wayi gari ka ga kara ya fito daga busasshiyar ƙasa, babu ganye ko ɗaya, da kumburi a kansa kamar kan mashi. Cikin 'yan kwanaki ya buɗe. Wanda bai san su ba zai rantse furen roba aka kafa.

Injiniya, Barnawa:
Hajiya, Allah ya ƙara girma, ina neman izini in saɓa kaɗan. Ana iya fitar da tulif a Kaduna, domin na fitar da shi shekaru biyu da suka wuce, kuma ba wata dabara ba ce face yi masa hunturun ƙarya a cikin firji. Na saka guda goma a jakar takarda mai ƙofofi, na ajiye a aljihun kayan lambu na ƙasan firji, inda ma'aunin da na saka yake nuna tsakanin digiri 5 da 7. Sun yi mako 14 a ciki. Na fitar da su bayan tsakiyar Disamba, na shuka a ranar ba tare da na bari sun ɗumama a kan tebur ba, na ajiye tukwanen a gefen gida na arewa inda rana ba ta dukansu da tsakar yini. Bakwai sun yi fure a watan Janairu. Ba zan ɓoye ba, karan bai kai tsawon na hoto ba, kuma kowane fure kwana huɗu ko biyar ya yi ya zube, saboda da rana ta take sai ya buɗe baki warwar kamar faranti. Amma na gan shi da idona a tsakar gidana.

Abubuwa biyu ne ke ɓata wannan aikin. Na farko, kada a kuskura a saka su a sashen ƙanƙara, domin idan suka daskare sun tashi aiki. Na biyu, kada su haɗu da tuffa ko ayaba ko tumatir nunanne a firji ɗaya, saboda 'ya'yan itace masu nuna suna fitar da wata iska mai suna etilin, irin wadda ke sa ayaba ɗanya ta nuna idan aka rufe ta da nunanniya, kuma wannan iskar tana kashe ɗan furen da Malam ya ce yana ciki. Albasar za ta yi kyau a ido, ta fitar da ganye, amma fure babu.

Hajiya Babba, Malali:
Ɗana, wato fiye da wata uku na hana iyali ajiye tumatir a firji, domin furen kwana biyar. Sannan na ji ba ka faɗa mata cewa firjinka da sola yake aiki ba. Mu da wuta kan ɗauke mana yini guda, wani lokaci kwana biyu, yaya za mu yi?

Injiniya, Barnawa:
Gaskiyarki, Hajiya, da sola nake aiki, kuma ya kamata in faɗa tun farko. Ɗaukewar wuta na 'yan sa'o'i ba ta kashe su, sai dai lokacin da suka yi a ɗumi ba ya shiga lissafi, don haka a ƙara musu mako ɗaya ko biyu. Babbar illar ita ce gumin da ke taruwa a jikinsu idan firji ya huce ya sake sanyi, shi ke kawo shuɗiyar fumfuna. Shi ya sa na ce jakar takarda, ba leda ba, kuma a riƙa dubawa duk mako, a cire wadda ta yi laushi. Wanda ke da robobin ruwa masu ƙanƙara ya jera su a saman firjin ta ciki idan wuta ta tafi, ya rage buɗe ƙofa. Game da kwana biyar kuwa, ai wanda ya sayi turare mai tsada ya san ƙamshin ba ya shekara. Holan ɗin ma, babban lambunsu na Keukenhof da ake shuka albasar fure kusan miliyan 7 duk shekara, daga tsakiyar Maris zuwa tsakiyar Mayu kawai yake buɗe.

Malamin Gona, Mando:
Dukkanku kuna da gaskiya, amma akwai abin da ya kamata Maman Hanifa ta sani kafin ta zaɓa. Ko tulif ya yi fure a nan, ba zai sake yi baɗi ba. Bayan fure, uwar albasar takan ƙare, sai shukar ta gina sabuwa daga abincin da ganye ke haɗawa, kuma tana bukatar makonni na yanayi mai sanyi-sanyi kafin ta gama. A wurinmu zafin Fabrairu da Maris kan ƙone ganyen kafin a je ko'ina, sai a tono 'yan ƙanana kamar tafarnuwa waɗanda babu fure a cikinsu. Saboda haka a ɗauke shi kamar baƙon kwana biyu, a more shi, a sallame shi. Son tulif ya taɓa zautar da mutanen Holan kansu, har wasu nau'o'i suka kai kuɗin gida kafin kasuwar ta rushe a Fabrairun 1637, don haka Injiniya ba shi ne farau ba.

Dafodil kuma kashi biyu ne a wannan batun. Akwai mai ƙananan fararen furanni da yawa a kan kara ɗaya, mai ƙamshi sosai, ɗan asalin gaɓar Bahar Rum, wanda ba ya bukatar sanyi, ana shuka shi ya yi fure cikin mako 4 zuwa 6, kuma shi ne zai fi dacewa da hunturunmu. Akwai kuma babba rawaya mai fure ɗaya, wanda sai ya shiga firji kamar tulif. Wanne ne a hoton takardarki?

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Allah ya saka da alheri, Malam. Na duba, babba ne rawaya, tsakiyarsa ta yi tsini waje kamar bakin kakaki. Ke nan shi ma firji zai shiga. Muna da wani ƙaramin firji a ɗakin baƙi da ba a ajiye komai ciki sai ruwa, ina ganin shi zan ba su.

Anti Nas, Sabon Tasha:
Ina gaishe da kowa. Ƙanwata, tunda maganar ta kai ga firji, bari in saka baki ta ɓangaren aikina. Albasar dafodil guba ce, kuma ba ta da maraba da ƙaramar albasar miya a ido, sai dai ba ta da warin albasa. A ƙasashen da ake shuka ta an sha kwantar da mutane saboda sun yanka ta a miya bisa kuskure. Tana kawo amai da gudawa da murɗar ciki, kuma girki ba ya kashe dafin. Amarilis ma haka take, dangi ɗaya ne, sinadari ɗaya suke ɗauke da shi. Ki rubuta a jikin jakar da manyan baƙaƙe cewa ba ta ci ba ce, ki kuma faɗa wa mai taya ki aiki baki da baki, domin ba kowa ke tsayawa karanta takarda ba idan ana sauri a kicin. Mai saurin ƙaiƙayin fata ya sa safar hannu kafin ya taɓa su da yawa. Idan kuma kina da akuya ko tunkiya a gida, ki ɗaga tukwanen sama.

Hajiya Babba, irin naki muke da shi a harabar cocinmu, kuma yakan buɗe gab da Ista, shi ya sa tsofaffinmu suke ɗaukarsa furen wannan lokacin.

Baba Mai Lambu, Kabala:
Salamu alaikum. Ɗana ne yake rubuta mini, ni nake faɗa. Na yi fiye da shekara talatin ina lambu a bakin kogin Kaduna, kuma na yi aikin furanni a gidajen manya, amma abin da ke ba ni mamaki shi ne yadda ake aiko albasa daga Turai alhali dajinmu cike yake da tamu. Abin da Turawa ke jira bayan ƙanƙara, mu bayan rani muke samunsa. Ku fita bayan gari kwana kaɗan bayan ruwan farko, a ƙarshen Afrilu ko cikin Mayu, ku duba wuraren da aka ƙone. Za ku ga hatsin manoma, fari fat mai siraran fuka-fukai, wanda ke buɗewa da dare ya yi ƙamshi, kafin rana ta yi zafi ya langwaɓe. A bakin fadama za ku ga albasar kwaɗi, mai manyan furanni farare da jan zane a tsakiyar kowane kunne, wadda idan aka saka ta a tukunya mai kyau babu wanda zai ce daga fadama aka ɗauko ta. Akwai wata mai fitar da jan fure a dunƙule kamar ƙwallo mai gashi, ita ma tun kafin ganyenta ya fito. Idan damina ta yi nisa kuma sai rumana ta biyo, da gatarin kurege mai hawa bisa ciyawa da ƙugiyar da ke ƙarshen ganyensa, furensa ja da rawaya a murɗe kamar harshen wuta.

Waɗannan duka ba su san firji ba. Barcinsu rani ne, abin da ke tashinsu ruwa ne. Wanda ya ci gaba da ba su ruwa a rani don tausayi, shi ya hana su barci, kuma shukar da ba ta yi barci ba ganye kawai za ta ba ka. Manomin albasa ya san wannan, shi ya sa yake yanke ruwa idan lawashi ya fara kwanciya, ya bar ta ta ƙosa.

Ɗalibi, Samaru:
Baba, Allah ya ƙara lafiya, ka tuna mini da darasin da muka yi a daji a zangon da ya wuce. Zan ƙara ɗaya a kan jerinka, wato takalmin zomo, mai ganye huɗu zagayayyu shimfiɗe a ƙasa da fure rawaya a tsakiya, wanda shi ma farkon damina yake fitowa. Shi ne furen ƙasa na Najeriya, wanda ake nufi da furannin da ke ƙasan tambarin gwamnati, ko da yake ja aka zana su a can. Ba albasa gare shi ba, saiwa ce mai kauri, amma tsarin rayuwarsa iri ɗaya ne. Haka rumana, ƙwayarta dunƙulalliya ce kamar ta gwaza, ba ta da ɓawo-ɓawo, gatarin kurege kuma rogo-rogo yake yi mai kusurwa kamar ƙotar gatari. Wannan na ƙarshen ya fi duk waɗanda Anti Nas ta ambata haɗari, domin ɗan kaɗan daga saiwarsa na iya kashe mutum, don haka ban ba da shawarar a kai shi gidan da akwai ƙananan yara ba.

Ina da roƙo guda biyu. Kada wannan hirar ta sa a fita da buhu a tone duk abin da aka gani a daji, domin albasar kwaɗi takan yi shekaru kafin ta kai girman fure. A ɗebi 'ya'yan da ke gefen uwar, ko a tsinci waɗanda ke filin da za a yi gini. Na biyu kuma, shigo da tsiro ko albasa daga waje yana da ƙa'ida: ana neman izini daga hukumar killace kayan gona ta ƙasa, NAQS, tare da takardar shaidar lafiyar tsiron daga ƙasar da ya fito, saboda cuta da ƙwari sukan ɓuya a cikin ɓawo ko ƙasar da ke jikin saiwa. Anti Maman Hanifa, ki sanar da yayarki saboda gaba.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Wallahi ban san da wannan ƙa'idar ba, zan faɗa mata. Baba, na ji kunya da ka ambaci albasar kwaɗi, domin muna yara a ƙauye tsinke furenta muke yi muna wasa, ban taɓa kallonta a matsayin abin shukawa ba. Yanzu dai ku koya mini yadda zan shuka manyan biyun nan, tunda Hajiya ta ce su ne dukiyar. Shin in jira rani ko in shuka yanzu? Kuma tukwanen simintin bara za su yi?

Baba Mai Lambu, Kabala:
'Yata, ki shuka yanzu, domin waɗanda ake sayarwa a can an riga an hutar da su, jiran ƙasa kawai suke yi. Amma kada ki mayar da su manyan tukwanen nan. Ita wannan albasar ta fi son matsatsi. Ki nemi tukunyar ƙasa irin ta maginanmu, wadda idan kika ɗora albasar a tsakiya yatsu biyu kawai za su shiga tsakaninta da bango, ki tabbatar an huda gindinta, ƙofa mai girman da babban yatsa zai shige. Tukunyar ƙasa tana numfashi, ruwa ba ya kwana a cikinta, ba kamar roba ko siminti ba. Ki ɗora ɓallin kasko a kan ƙofar don kada ƙasa ta toshe ta.

Ƙasar kuwa, ki haɗa kashi ɗaya na yashin kogi mai tsakuwa-tsakuwa, kashi ɗaya na baƙar ƙasa, kashi ɗaya na takin da ya ruɓe sarai har ya daina wari ya koma kamar ƙasa. Idan kina da buntun shinkafa da aka babbaka ko garin gawayi, ki ƙara tafi ɗaya. Ga gwajin da nake yi: ki jiƙa ta kaɗan, ki damƙa a hannu, ki buɗe. Idan ta dunƙule ta tsaya kamar fura, laka ta yi yawa, a ƙara yashi. Idan kika taɓa ta da yatsa ta wargaje, ta yi. Ɗanyen kashin kaji ko na shanu kuwa kada ya kusance ta, yana ƙona saiwa, yana kuma kiran gara.

Kada ki binne ta duka. Kashi biyu cikin uku a ƙasa, wuya da kafaɗa a waje. Ki ba ta ruwa sau ɗaya ta gefen tukunya, ba a kan wuyan ba, sannan ki ɗauke hannu sai kin ga kore ya leƙo. Tunda har yanzu muna cikin ruwa, ki ajiye ta a baranda inda za ta sami hasken safe amma ruwan sama ba zai cika ta ba. Ki riƙa juya tukunyar kaɗan kullum, in ba haka ba karan zai karkata wajen haske ya faɗi da nauyin furen.

Malamin Gona, Mando:
Babu abin da zan gyara a maganar Baba. Irin waɗannan manyan sukan yi fure cikin mako 6 zuwa 10 da shukawa, sau da yawa kara biyu, kowane da fure har huɗu. Asalinsu yankunan Amurka ta Kudu ne masu ɗumi, shi ya sa suka saba da mu. Sai dai a bambanta zurfin shuka, kada a ɗauki ƙa'idar amarilis a yi wa tulif. Tulif da dafodil binne su ake yi, tsini yana kallon sama, a ƙasa zurfin ya kai ninki uku na tsayin albasar, wato kusan santimita 15. A tukunya ana iya rage zurfin, a jera su kusa da juna amma kada su taɓa. Tulif yana da gefe ɗaya shafaffe. Idan aka juya wannan gefen wajen bangon tukunya, babban ganyen farko ta nan zai fito ya rufe bakin tukunyar.

Inda mutane suka fi kuskure da amarilis shi ne bayan fure ya zube. Ana ganin ganyen ya cika wuri sai a sa almakashi. Wannan ganyen shi ne gonar albasar, da shi take tara abincin furen baɗi. A yanke karan furen kawai, ɗan sama da wuya, don kada ta ɓata ƙarfi wajen yin iri, a ci gaba da ruwa da ɗan takin zamani kaɗan a narke duk bayan mako biyu ko uku, har damina ta ƙare. Daga nan a yanke ruwa na mako 8 zuwa 10.

Hajiya Babba, Malali:
Malam, a nan ne nake da tambaya ni ma. Bana a cikin marka wata tsutsa baƙa mai ɗigo-ɗigon fari da rawaya ta addabe ni. Ba ta cin ganye ta waje kamar sauran, shiga take yi cikinsa tana gangarowa, sai in ga ganyen ya yi ruwa-ruwa ya faɗi. Na tona uku na tarar ta kai har cikin albasar.

Ɗalibi, Samaru:
Hajiya, wannan tsutsar wani malam-buɗe-littafi ce na dare, wanda ke saka ƙwai a jere a bayan ganyen amarilis da albasar kwaɗi da danginsu. Da zarar ta shige cikin ganye feshi ba ya kai mata sosai, don haka ido ne maganinta. A riƙa juya ganye ana dubawa sau biyu a mako, a murje ƙwan, a ɗaga ganyen wajen rana, idan aka ga inuwar tsutsa a ciki a yanke shi ƙasa da inda ta kai, a ƙone. Albasar da ta huda, idan gindin da saiwa ke fitowa bai lalace ba, a yanke ruɓaɓɓen wurin da wuƙa mai tsabta, a barbaɗa toka, a bar ta ta sha iska a inuwa kwana biyu ko uku kafin a mayar. Ba za ta yi fure a shekarar ba, amma takan fitar da 'ya'ya.

Maman Hanifa, Unguwar Rimi:
Na dawo da labari. Na tsaga tulif ɗaya kamar yadda Malam ya ce, kuma ga ɗan furen nan a tsakiya, bai kai ƙwayar shinkafa biyu ba, har na kira Hanifa ta gani. Sauran goma sha tara da dafodil ɗin sun shiga ƙaramin firji jiya, 10 ga wata, a jakar takarda, na rubuta gargaɗi da jan biro. Amarilis biyun kuma na shuka su a tukwanen ƙasa da na sayo, ɗaya ma da alama ta fara tsaga baki. Idan na ƙirga mako 14, ranar 17 ga Disamba ke nan zan fitar da na firjin, ko na yi kuskure?

Injiniya, Barnawa:
Lissafinki daidai ne, amma saboda yanayin wutar unguwarku ki ƙara mako ɗaya, kada dai ki wuce ƙarshen Disamba, domin a sami fure kafin zafin Fabrairu ya shigo. Ki shuka su da yamma, ki ba su ruwan randa mai sanyi, ki saka tukunyar a cikin wata babba da jiƙaƙƙen yashi a tsakani, irin yadda ake sanyaya kayan lambu a ƙauye. Da na yi haka da tukunya ɗaya a wancan karon, furenta ya fi na sauran daɗewa da kwana biyu.

Hajiya Babba, Malali:
To, tunda kin ƙi jin tawa kin bi ta Injiniya, Allah ya ba da sa'a, ki turo mana hoto idan sun buɗe, ni ma ban taɓa ganinsa ba sai a kalanda. Idan ganyen nawa ya bushe a ƙarshen Nuwamba zan tona layin da ya cunkushe in raba, ki aiko a karɓar miki goma. Wanda zai zo ya taho da kwali, kada ya zo da leda, gumi suke yi a ciki.